Tambayar Asabar

Ran Asabar, a ajin katikisim,
autar Bulus mai walda ta ɗaga hannu:
"Katikis, wanda ba a yi wa baftisma ba,
wuta za shi?"
Alli ya karye a hannuna.

Laraba muka binne Mainasara.
Na ce muka, alhali a gindin dogon yaro na tsaya.
Su suka ja sahu, kabbara huɗu,
ni ina jan rosari cikin aljihu.

Shekara goma sha tara, katanga ɗaya, a Mabera.
Daren da naƙuda ta kama Rifkatu,
gari tsit da dokar hana fita,
shi ya sauke buhunan albasa daga a-kori-kura,
ya shimfiɗa mata bargonsa, sai asibiti.
Bazarar da famfo ya ƙafe,
jarka biyu kullum a ƙofata,
bai taɓa cewa shi ne ba.

Da yamma na iske Fada Barnaba
yana fifita da takardar sanarwa, an ɗauke wuta.
Ya buɗe littafin koyarwa, ya aza yatsa:
babu ceto sai ta wurin Almasihu,
Ikkilisiya kuwa jikinsa ce.
Yatsan ya gangara kaɗan:
wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba,
ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi lamirinsa,
alheri na iya cim masa.

Na ce, "Fada, ai ya sani.
Duk Lahadi ƙararrawarmu na shiga ɗakinsa."

"Jin ƙararrawa daban, sani daban.
Awon wannan ba nawa ba ne, ba na bishop ba.
An ba Bitrus mabuɗai, ban musa ba.
Amma duba, muna da jerin tsarkaka, shafi bisa shafi.
Jerin 'yan wuta, ba a ba mu ikon rubuta ko suna ɗaya ba."

A hanyar gida, daidai rumfar mai shayi,
muryarsa ta dawo mini, da dariyar nan tasa:
"Katikis, ni kau duk asuba shiriya nika roƙa ma.
Ban son a raba mu unguwa can."

Ashe shi ma da tasa tambayar ya kwana,
shekara goma sha tara,
bango ɗaya tsakanin tabarmarsa da gwiwata.

Jiya matarsa ta aiko da rabin buhu,
wai ya ce na Rifkatu ne.
Tana yankawa, idonta na zuba, ta ce albasa ce.

Asabar na tafe.
Yarinyar za ta sake ɗaga hannu.
Na sayi sabon alli.