Inda Mota Ba Ta Shiga

Shekara talatin da ɗaya ina bayan sitiyari,
Tawa a wurina tasha ce kawai:
in sha mai, in sha fura, in miƙe Agadas.
Bana likita ya haska idon hagu, ya ce, "Direba, ya isa."
Na sauko. Ƙasa ta yi mini wani iri,
kamar takalmin aro.

Arzika dillali ya ce akwai ɗaki a Bilbis.
Mai taksi ya kai mu bakin lungu, ya ce nan iyakarsa.
Lungun kuwa, in jaki biyu suka haɗu
dole ɗaya ya yi wa ɗaya kara.

Na dafa bango.
Laka ce, yaɓe kan yaɓe,
ga sawun yatsun wani da ya daɗe da komawa,
tafinsa bai kai nawa ba.
Indararo ya leƙo daga sama
kamar tsoho mai son jin abin da ake cewa.

Ni da na saba auna duniya da kilomita
sai ga ni ina ƙirga taku.
Daga ƙofa zuwa masallaci, sittin da huɗu.
Mai ƙosai ba ta buƙatar lissafi, hanci ke kai mutum.
Zuwa famfo ɗari da tara,
amma sai da muka ci rabin awa,
don kowane zaure da gaisuwarsa
kuma ba a biyan ta a guje.

Mai gidan, Inna Tsahara, tana tsinkar zogale a faifai.
Na zo da tambayoyi cike da aljihu:
kuɗin haya, wuta, ko rufin yana yoyo.
Ba ta bari na ciro ko ɗaya ba.
"Rediyonka na da ƙara?
Wa ke tashinka da asuba?
In an yi rashi, zuwa kake ko aike?"
Ta ce ɗakin na Nomau ne, maɗinki,
shekara ashirin yana ciki.
Ƙusar da yake rataye almakashi tana nan.
Kada a cire.

Sahiya ɗiyata ta bugo daga Yamai:
"Baba, ga sababbin unguwanni can bayan gari,
siminti, ƙofar ƙarfe, hanya fetal,
motar asibiti har bakin gado."
Ba ta yi ƙarya ba.
Na ga ruwan wanki yana bin tsakiyar lungu,
na ga katangar da damina ta gatsa,
na ji sauro tun la'asar suna gyara murya.

Sai na tambayi tsohuwar:
in ciwo ya kama mutum tsakar dare fa?
Ta yi nuni da haɓa
wajen samari huɗu a gindin bedi, suna fifita gawayin shayi.
"Su suka ɗauki Nomau a kan ƙyaure.
Kafin mota ta iso, suna bakin titi suna jiran ta."
"Ya tashi?"
"Ya ƙara shekara biyu. Har ya ɗinke mini wannan."
Ta ja bakin zanenta ta nuna.

Ban ba da ko dala ba.
Na ce zan kwana da shawara.
Arzika ya ɓata rai, ya yi gaba abinsa,
ni kuma na bi lungun da na zata shi ne,
ya kai ni garken awaki.
Na juyo, wani ya kai ni bayan maƙera.
Ni da na san Tanut da Abalak cikin duhu!

Wata yarinya da tallan cuku a ka
ta tsaya ta dube ni.
"Baƙon ɗakin Nomau, ba nan ba ne."
Ban shiga ba tukuna, har an raɗa mini suna.

Ta wuce gaba, ina biye,
ina ƙirgawa don gobe, in goben ta yi:
arba'in, arba'in da ɗaya,
sai wani dattijo ya ce daga tabarma, "An yini lafiya?"
Lissafin ya zube.