Sakan Hamsin da Biyu

Ranar da na sayo ta a Lansing
tana sheƙi kamar an lashe ta,
ja, mai kujera bakwai, tana ƙamshin sabuwar roba.
Dillalin ya daki rufinta da tafin hannu,
ya ce, wannan har jikokinki.
Na sa hannu a takarda, wata saba'in da biyu.
Ashe kyan ɗan maciji ne.

Sanyin farko, mariƙin ƙofar baya
ya biyo hannun Arlo kamar haƙorin famfara.
Yaron ya tsaya cikin dusar ƙanƙara yana kuka,
yana rantsuwa bai ja da ƙarfi ba.
Na san bai ja ba.

Daga nan abu ya bi abu.
Gilashin gefena ya sauka wata Talata, ya ƙi hawa,
na toshe gurbin da leda da salatif,
ledar ta yi ta yi mana tafi daga gida har coci.
Yadin rufi ya saki, yana shafar gashin Renee,
na kafe shi da allura goma sha ɗaya.
In an yi ruwa, ƙafata ta hagu ke fara sani.
Akwai wata ƙara a bayan sitiyari
kamar tsakuwa a gwangwani,
makanikai uku sun kasa kunne, ba wanda ya gano gidanta.
Hollis ya ce in ƙara muryar rediyo.
Dala arba'in ya karɓa kan wannan shawara.

Garanti ya ƙare a mil dubu talatin da shida.
Giyar motar, da yake tana da ladabi,
sai da ta bari muka ƙara ɗari huɗu.
Banki ne kaɗai ba ya lalacewa,
wasiƙarsa ba ta taɓa makara ba.

An ce araha ba ta ado.
Ni ba ado na je nema ba,
ƙofa na je nema, mai buɗewa.

Babana ba ya son zancen.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar,
layin ƙofofi, hagu, baya.
Ran Lahadi in na kai masa yara
sai ya fito da akwatin ƙarfensa, ko gaisuwa babu,
ya shimfiɗa kwali a bakin titi ya durƙusa,
gwiwa na ƙara, mota na ƙara.

Rannan ya ɓalle bangon ƙofar,
ya haska tocila, ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan ya ciro wani ɗan farin abu
bai fi farcen babban yatsa ba.
Ya ce, da can ƙarfe ne wannan.
Wani a benen sama ya lissafa kwabo uku sau mota miliyan,
shi aka ba shi tukuici, mu aka ba mu roba.

Ya ce, sakan hamsin da biyu, Lorna,
shi ke nan rabon kowace ƙofa.
Noti huɗu, waya biyu, ta wuce, wata ta iso.
In na huɗun ya yi gardama
ba ka isa ka tsayar da layi ba,
sai dai ka raka ta da ido,
ka roƙi Allah kada ta faɗa hannun wanda ka sani.

Ya juya bangon. A bayansa akwai shuɗin zane, harafi biyu.
Ya shafa da yatsa.
Hannun Stosh ne, in ji shi. Shekarar da matarsa ke kwance.
Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.
Ya ɗaure abin da waya, ya cije leɓe, ya mayar.

Yanzu daga ciki kawai take buɗewa.
Kullum safe Renee ta shiga ta gaba,
ta tsallaka kujera da jakarta,
ta buɗe wa ƙaninta kamar mai karɓar baƙo.
Mariƙin yana nan ƙarƙashin matashin Arlo,
ya hana a yar.

Saura wata goma sha tara.