Tiyar Hankali

Inna ta kira daga Tawa, muryarta na yankewa a salula:
"Tsahara, lakkol bayan lakkol, har furfura ta leƙo,
wai mene ne aikin naki?"
Na ce, "Inna, hankali nake aunawa."
Ta yi shiru. Na ji akuya na kuka a bayanta.
"Da wace tiya?"

Tiyata ɗaki ce a Harobanda, ƙetaren gada:
kujerar mota da muka ciro a Katako,
sitiyari, birki,
da gilashi mai nuna hanyar da ba ta zuwa ko'ina.
Fanka na juyawa in wuta ta ga dama.

Nan direbobi ke zama, ɗaya bayan ɗaya,
in ba su jikka biyu, ladan ɓata musu yini.
Malam Ɗan Jimo, shekara ashirin da shida a faba-faba,
ya ce shi hankali huɗu gare shi:
na hanya, na canji, na karen mota, na cefane.
Yana cikin tuƙi na buga masa waya,
na tambaye shi kuɗin buhun albasar Galmi.
Yaron da na zana a na'ura ya faɗo titi bayan ƙwallo.
Birki ya zo,
amma sai da daƙiƙa biyu suka riga shi.

Ya tuɓe hula, ya daɗe yana duban gilashin.
"Ai na gan shi. Wallahi idona na kansa."
Na ce, na sani, Malam, na'urar ma ta shaida.
Hankali ke gani, ido gululu ne;
kakanni sun faɗa kyauta,
ni na ci shekara tara kafin in sa masa lamba.

Daƙiƙa biyu a gudun hamsin
mita ashirin da takwas ne.
Na taka su da ƙafata wata safiya:
daga teburin mai kilishi har bakin famfon unguwa.
Makaho ke tuƙa wannan tsakanin,
da lasisi a aljihu.

Na rubuta. Aka maido mini da takardar sau uku
daga garin da ban taɓa gani ba:
me ya kawo jakuna cikin lissafi?
Na amsa, su ma hanyar suke bi.
Ɗalibai ɗari uku, lasifika ɗaya mai tari,
kuɗin bincike ya ƙare tun kafin damina,
takardun ƙarin girma na barci a ofishin wani.

Ran Alhamis, bayan la'asar, ina komawa gida.
Salula na kulle a but, kamar yadda nake koyarwa.
Rediyo a kashe. Hannu biyu a sitiyari.
Kogi a dama, kogi a hagu, ban ga ko ɗaya ba,
ina gyara wata jimla a shafi na bakwai,
ina neman kalmar da ta fi "shagala" kaifi,
sai ga kurar ɗan ga-ruwa
ta tsiro a gabana kamar daga ƙasa.

Jarka biyu suka fashe.
Ruwa ya bi kwalta yana neman kogi.
Mutumin bai ji ciwo ba, takalminsa ɗaya ne ya yi gaba.
Ya dube ni, ba zagi, ba ihu:
"Madam, ina hankalinki?"
Ina da amsar, har da lambar shafi.
Na ɗauko masa takalmin, na biya kuɗin jarka.

Da dare na faɗa wa Inna, tiyar tana zuba.
Ta ce, "Kowace tiya haka take in an cika ta.
Ba ki ga mai awo ba?
Hannu yake karewa da shi, kuma ba ya hira."
Sai ta koma zancen akuya:
ta haifi biyu,
ɗayan bai kama nono ba tukuna.