Abin da Ke Ƙarƙashin Roba

Asubahin Laraba a Agege,
na murɗa makulli, mota ta ce ƙyas,
na sake murɗawa, ta sake ƙyas,
fitila ta lumshe kamar idon mai gyangyaɗi.
Buhun albasa tara a baya
suna jiran kasuwar Ketu,
ga hadari ya taso daga bakin teku.

Na san dabarar da na saba:
buɗe bonet, ɗauki dutse,
ƙwanƙwasa kan batir sau uku,
zuba masa lemon kwalba ya yi kumfa,
cusa ƙusa inda ya yi sako-sako.
Wata biyar dabarar tana ci,
yau ta ƙi.

Batir biyu na saya a bana.
Na zagi na farko, na zagi mai sayarwa,
na ce kayan yanzu ba albarka.

Yara huɗu suka tura ni har inuwar Morufu,
rewaya, mai hausar Sabon Gari,
yana cin burodi da wake a kan tsohuwar taya.
Bai taɓa batir ba.
Waya ya kama, jar nan mai kauri,
ya lanƙwasa ta kusa da kunnena,
ta yi ƙara kamar ana taka karan dawa.
Ya ce, Sallau, ka ji?
Mai lafiya ba ta magana.

Ya sa reza ya tsaga robar,
taƙi guda, har ya wuce.
Jan ƙarfen da na sani ja
ya koma kore, ya koma gari,
kamar kuka ta kwana a buɗe.
Silin waya suna zuba a tafinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, in fari-farin nan a baki ya tsaya,
ruwan zafi da soda sun isa,
ka goge da buroshi, ka shafa giris,
ka tafi abinka.
Amma in roba ta kumbura ko ta tsage,
in ka taɓa ta da zafi bayan tayarwa,
in ka wanke yau, jibi ya dawo,
to ya shige ciki, wanki ba ya kai can.
Iskar Ikko gishiri gare ta,
ba ta neman izini.
Kuma kada ka canza ɗaya ka bar 'yar'uwarta,
tare suka sha wannan damina.

Na ce, nawa?
Ya faɗa, na riƙe baki.
Ya ce, bai kai rabin batir ɗin da ka binne da ransa ba.
Wuta tana nan, malam, tun tuni tana nan,
hanyar da za ta bi ce ta mutu.

Ya fara kwance baƙar kafin jar,
ya ɗaure sababbi, sifana a haƙori,
ya ce, buga.
Na buga sau ɗaya.
Inji ya amsa kamar wanda aka kira da sunan yanka.

A gosulon Ojota ruwa ya sauko,
danfo na hon, mai gyaɗa na gudu,
guntun tsohuwar wayar na kan kujera kusa da ni,
ban san me ya sa na ɗauko ta ba.
Garinta ya ɓata mini wando.

Wata bakwai ban kira Yaya Tanimu a Funtuwa ba,
kan kuɗin taki da ko adadinsu na manta.
Na lalubo lambarsa, na duba, na ajiye.
Layi ya matsa taku biyu ya tsaya.
Na sake ɗauka.
Tana shiga.