Ƙaho Na Huɗu

Mun shigo Dubuque da la'asar sakaliya,
kogi ya daskare gefe-gefe
kamar man shanu a bakin ƙwarya.
Ni ne direba. Ba na busa komai
sai hon, shi ma sai ta kama.

Kai goma sha bakwai nake ƙirgawa a kowane zango,
wuya goma sha bakwai a karkace tun daga Omaha,
kowa ya yi matashi da jakar takardun kiɗansa.
Odessa Tibbs ce ta fara sauka,
tana jan saksofon da ya kusa kamo ta a tsawo
kamar ɗan da ya ƙi yaye.
Lavelle Pruitt, madugu uban tafiya,
yana lissafin kuɗin masauki a bayan ambulan,
lissafin bai fita ba, ya juya ambulan ɗin.
Neely mai ganga ya kwana yana kiɗa a bayan kujerata
da cokulan roba biyu.
Na yafe masa. Ban ce na manta ba.

Sai Emmett Rusk, na ƙarshen sauka kullum.
Shekara talatin da ɗaya yana ƙaho na huɗu,
kujerar ƙurya, layin baya, inda fitila ke gajiya kafin ta kai.
Ya taɓa ce mini a wani gidan mai:
"Ni gishiri ne, Tanimu.
Ba a ganina a miya,
sai ranar da aka manta ni."

Na yi magariba tsakanin akwatunan ganga.
Ina sallamewa na ga jini a farin hankici.
Sanyi ya tsaga leɓen Marquis,
yaron da hotonsa ke manne a jikin motata,
mai hawa da ƙaho har inda kunne ke neman tsani.
Pruitt ya bi layin baya da ido, ɗaya, biyu, uku,
ya tsaya.
Ya nuna da haɓa.

Wurina bayan labule ne, kusa da bokitin goge-goge.
Ban taɓa ganin wasan nan ta fuska ba.
Da ƙeya na san su,
kuma daren nan ƙeyar Emmett ta miƙe.
Na ji ƙarar gwiwarsa kafin na ji ƙahon.

Gaɓa goma sha biyu aka ba shi.
Bai hau sama ba.
Ƙasa-ƙasa ya bi, kamar mai gaida maƙwabci marar lafiya,
yana barin shiru tsakanin magana da magana,
shirun da zan iya ajiye motata a ciki
in buɗe ƙofa ban goge kowa ba.
A gaɓa ta bakwai murya ɗaya ta fashe masa.
Na runtse ido.
Shi kuwa ya koma ya ɗauko ta, fasasshiyar,
ya sake busa ta haka, ya kuma sakewa,
har kuskuren ya zama turba,
masu jan ƙaho huɗu suka bi sawunsa suna amsawa.
Odessa ta cire bakinta daga nata, tana kallo.
Wata tsohuwa a layi na uku
ta bar alawarta rabi a buɗe.

Tafin bai yi yawa ba, kada in yi ƙarya.
Ƙanƙara ta hana rabin gari fitowa.

Sha ɗaya da rabi muka loda kaya.
Ya zubar da yawun ƙahonsa a bakin kwata,
ya goge shi da tsumman da ya girmi Marquis,
ya koma kujerar kan taya, wadda kowa ke gudu.
"Awa nawa zuwa Duluth?"
Na ce bakwai, in hanya ta yarda.
"To, tashe ni in an kai."

Na ƙirga. Goma sha bakwai.
Na ba mota wuta.
Gabanmu motar hukuma na tafiya a hankali,
tana barbaɗa wa titi gishiri cikin duhu.
Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.
Na dai bi bayanta har asuba.