Fatar Aro

A Tbilisi, hawa na uku, gado na kusa da taga,
Gocha mai gashin burodi yana kwance, hannu a rataye.
Shekara talatin yana zura kai cikin tanderu,
ran nan tanderun ya karɓi ladansa.

Aka ɗauko fata daga ma'ajiyar sanyi,
ta wani da ya riga mu, babu suna, sai lamba,
aka liƙa masa daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya
yadda shi ma yake liƙa ƙullu a bangon wuta.

Kwana goma sha biyu, shiru.
Har ya fara ce mata tawa.

Sai gefen ya yi ja, ya tasa,
ƙaiƙayi ya zo da tsakar dare, ba sallama.
Tsiala mai jinya ta riƙe masa yatsu:
kar ka sosa, histamin ne.
Jikinka ya ƙirga 'yan gida, ya ga ɗaya ya ƙaru.
Shi histamin buɗe hanyar jini yake yi,
dakaru su shigo su tambayi baƙo ɗan wane ne.
Amma baki biyu gare shi, in ji ta,
a wata ƙofar shi ke ce musu ku sassauta.

To ku ba su maganin barci mana, in ji Gocha.
Likita Nodar ya goge tabarau da gefen riga:
muna iyawa.
Sai dai gidan da masu gadi suka yi barci,
ƙwayar cuta ba ta ƙwanƙwasawa.
Kai kuwa katangarka ta riga ta ƙone.

Baƙo raɓa ne.
Ran ashirin da uku fatar ta yi duhu,
ta ɗago a hankali kamar ɓawon burodin jiya.
Ƙarƙashinta nama ja, mai rai, yana jira.
Aka yanko tasa daga cinya, siririya,
wannan karon ba wanda ya tambaye ta asali.

An ce kayan aro ba ya rufe katara.
Wannan ya rufe, mako uku cur,
har mai gida ya samu nasa.

Da za a fita da ita cikin faranti,
Gocha ya ce a dakata.
Ya daɗe yana kallonta.
Ko yana cin burodi da zafi?
Tsiala ta ce lambar ba ta faɗa ba.