Kilo Tamanin

Da asuba a Abuja Sallau ya hau sikeli:
tamanin cif.
Wata uku rabonsa da ƙoshi.
Ni ne mai riƙe masa tawul.

Baƙon daga ƙetaren teku,
hannu kamar sandar kaɗo mangwaro.
Turmin farko haɓo ya ɓalle.
Na ce, "Kai mai dakon dankali a Farin Gada,
wannan ne zai yi maka nauyi?"

Turmi na uku, ƙararrawa.
Alƙalai biyar, uku suka ba baƙo.

Ya kwance bandeji a hankali,
ya ce, "Yaya, ina ake sayar da masa a garin nan?"
Ya ci goma sha biyu,
sannan ya yi kuka.